Kanel ya hana ni MB 6 a haɗe, alhali sama da MB 300 na zaune babu mai amfani da su

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana huɗu ke nan ina fama da abu ɗaya a aikina na kammala karatu, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Allon da nake aiki da shi na Zynq-7000 ne (guntun da ya haɗa firosesa da FPGA, wato da'irar da mutum ke tsarawa da kansa), RAM ɗinsa MB 512, Linux na gudana a kai. A ɓangaren FPGA na haɗa kyamara da AXI DMA, ita ke zuba hoto kai tsaye cikin RAM. Girman hoton 1920 da 1080, bait 3 ga kowane ɗigo, wato bait 6,220,800. A direban da na rubuta na kira kmalloc, hanyar neman RAM daga kanel (zuciyar Linux), da wannan adadi, ta dawo mini da NULL, wato babu, nan take, ko da yanzu na kunna allon. Na duba, sama da MB 300 ba a taɓa su ba.

Da na mai da hoton YUYV, bait 2 ga ɗigo, ya zama 4,147,200, sai ta ba ni. Na yi murna. Bayan allon ya yi awa uku yana aiki na sake loda direban, sai ga wannan a dmesg, rahoton kanel:

page allocation failure: order:10

To ina RAM ɗin ta tafi? Don Allah a taimaka.

Mai Shagon Kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ka bar kmalloc, ka koma vmalloc. Ita ba ta da wannan iyakar, MB 6 ba komai ba ne a wurinta.

Malamin Lantarki:
Wa alaikumus salam. Alhaji, a yi haƙuri, vmalloc ba za ta yi masa ba, kuma illarta a nan ta fi ta kmalloc, domin za ta yi nasara ya zaci ya gama.

Abin da vmalloc ke yi shi ne ta tsinto shafuka masu KB 4 daga ko'ina a RAM, ta jera su a teburin shafuka yadda firosesa zai gan su kamar a jere suke. Firosesa ne kawai ke kallo ta wannan teburin. Injin DMA ba ya bi ta nan. Shi adireshin zahiri ɗaya ake ba shi, a ce fara daga nan ka yi ta rubutu, ya yi ta tafiya gaba. Idan ka ba shi adireshin shafin farko na vmalloc, bayan bait 4096 zai shiga gonar da ba tasa ba, ya zuba hoton kyamara a kan duk abin da ya tarar, ko da bayanan kanel ne. Kuma Zynq-7000 ba ta da IOMMU da zai fassara wa na'ura adireshi. Babbar yayarta UltraScale+ ce ke da shi.

Game da tambayarka, Ɗan Gwammaja, matsala biyu ce, ka raba su.

Ta farko iyaka ce da aka rubuta a kanel. Mai rabon shafuka yana ajiye RAM ne gungu-gungu: shafi 1, 2, 4, 8, ana ninkawa har 1024. Lambar da ka gani bayan kalmar order ita ce sau nawa aka ninka. Mataki na 10 shi ne ƙarshe, shafi 1024, wato bait 4,194,304, MB 4 cif. MB 6 ɗinka ya wuce duk abin da yake da shi a rumbu, ko RAM ɗinka GB 64 ce. Hoton YUYV kuwa da ƙyar ya shige ƙarƙashin iyakar, saura bait 47,104 kacal.

Ta biyu ita ce daddatsewa. Ka turo mana abin da ke cikin /proc/buddyinfo sau biyu: da ka kunna, da kuma bayan awa uku.

Ɗan Gwammaja:
Malam na duba. Da na kunna, lambar ƙarshe ta dama tana sama da 70. Bayan awa uku ta koma 0, ta kusa da ita ma 0. Amma lambobin hagu sun kumbura, dubbai ne.

Malamin Lantarki:
To ka ga amsarka da idonka. Lambar ƙarshen ita ce yawan gungu masu MB 4 da suka rage. Ka ɗauka unguwa ce sabuwa da aka yanka fuloti. Ranar farko idan kana son fili babba na gina makaranta, ga shi nan shimfiɗe. Bayan shekaru, wannan ya gina nan, wancan ya gina can, wasu sun tashi. Idan aka haɗa kangwayen da suka rage za su fi abin da kake nema sau goma, amma babu inda suke manne da juna. Gida ɗaya a tsakiyar fili ya isa ya hana ka makaranta. Haka shafi ɗaya tak mai KB 4 da wani ke riƙe da shi yake hana gungu biyu su koma ɗaya.

Mai Shagon Kwamfuta:
Na karɓi gyara Malam, na gode. To amma tun da iyakar a rubuce take, me zai hana ya ɗaga ta? Akwai CONFIG_ARCH_FORCE_MAX_ORDER, ya ƙara mataki ɗaya ya sake harhaɗa kanel, ya sami MB 8.

'Yar Damagaram:
Alhaji, wannan zai magance matsalar farko ya bar ta biyu, har ma ya ƙara mata nauyi. Wanda ya kasa samun MB 4 a haɗe bayan awa uku, ina zai sami 8? Ga kuma asara: hoto mai MB 6 zai cinye gungu mai MB 8 sukutum idan ta kmalloc aka bi.

Sannan a kula da wannan lambar, ta sha rikita mutane. Shekara da shekaru MAX_ORDER 11 ce, ma'anarta matakai 0 zuwa 10. A kanel 6.4 aka sauya ma'anar ta zama matakin ƙarshe da kansa, wato 10, a 6.8 kuma aka sake mata suna MAX_PAGE_ORDER. Wanda ya kwafi lamba daga tsohon bayani ya saka a sabon kanel zai sami ninkin abin da ya yi nufi.

Wani abin da ya kamata ƙaninmu ya sani: kanel ba ya wahalar da kansa a kan manyan buƙatu. Akwai PAGE_ALLOC_COSTLY_ORDER, darajarta 3, wato KB 32. Daga nan zuwa ƙasa zai yi ta ƙoƙari har ya samo maka. Sama da haka zai gwada, in bai samu ba ya ce babu, ba zai kashe wata manhaja saboda kai ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni a sabar wurin aikinmu idan manyan shafuka suka yi wuya, wannan nake yi:

echo 1 > /proc/sys/vm/compact_memory

Ka gwada kafin ka loda direban.

Ɗan Gwammaja:
Yaya na gwada yanzu. Lambar ƙarshe ta tashi daga 0 zuwa 6, direban YUYV ya hau. Alhamdu lillahi. Amma wannan zai dawwama?

'Yar Damagaram:
Ba zai dawwama ba. Abin da ka sa kanel ya yi shi ne tattara kaya gefe guda. Mel Gorman ne ya kawo wannan a 2.6.35, shekarar 2010. Ana bi daga ƙasan yanki ana neman shafukan da za su iya ƙaura, ana bi daga sama ana neman gurabe, sai a kwashe na ƙasa a kai sama. Shafukan manhajoji da na fayilolin da aka karanto suna ƙaura lafiya, domin gyara teburi kawai za a yi. Amma abin da kanel ya ware wa kansa da kmalloc ba ya motsi, domin adireshinsa yana hannun wurare da dama. Tun 2.6.24 ake ƙoƙarin zaunar da masu motsi unguwa ɗaya, marasa motsi unguwa ɗaya, amma idan RAM ta yi ƙunci marasa motsi sukan tsallaka su ci gungun maƙwabta, kuma in sun shiga sun shiga ke nan. Ka duba /proc/pagetypeinfo yau, ka sake dubawa jibi ba tare da ka kashe allon ba, za ka ga layin Unmovable yana faɗaɗa. Yau ka sami 6, wani makon ƙila 1.

Kuma har yanzu bai ba ka MB 6 ɗinka na asali ba.

Malamin Lantarki:
Hajiya ta gama magana a kan wannan. Abin da aka gina musamman don irin matsalarka shi ne CMA, tsarin kanel na ware RAM mai yawa a haɗe. Injiniyoyin Samsung na Foland ne suka yi shi, Michał Nazarewicz da Marek Szyprowski, ya shiga kanel 3.5 a 2012, kuma kyamarorin waya ne suka jawo shi. Kafin nan masu haɗa waya sukan yanke wani yanki na RAM su ɓoye wa kanel gaba ɗaya saboda kyamara, alhali kyamarar minti nawa take aiki a yini?

Dabarar kamar filin Idi ce. An keɓe shi tun farko, amma ba a kulle shi ba. Duk shekara yara na buga ƙwallo, masu shanya na shanya, 'yan koyon mota na zagaye. Sharaɗi ɗaya ne: ba a gini. Ranar da ake buƙatarsa kowa ya kwashe nasa. Haka kanel ke ba da aron yankin CMA ga shafuka masu ƙaura kaɗai, ranar da direba ya nema a tashe su.

Kai ba ka kiran CMA da sunansa. Ka cire kmalloc ka sa dma_alloc_coherent, za ta ba ka adireshi biyu, na firosesa da wanda za ka miƙa wa injin DMA. Ka tabbata CONFIG_CMA da CONFIG_DMA_CMA a kunne suke, sannan ka duba CmaTotal da CmaFree a /proc/meminfo.

Ɗan Gwammaja:
Malam Allah ya saka da alheri, hoton RGB cikakke ya fito, karon farko! Sai dai ina buƙatar mazubi uku, ɗaya ana rubutawa, ɗaya ana karantawa, ɗaya na jira. Biyu sun samu, na uku ya ce:

alloc failed, req-size: 1519 pages, ret: -12

CmaTotal na nuna 16384 kB.

Malamin Lantarki:
Lissafi ne kawai. Kowane mazubi ana fara shi a kan iyakar MB 1, don haka naka kowanne ya ci 6. Uku 18 ke nan, filinka 16, kuma a ARM mai bit 32 kanel yakan gutsuri KB 256 daga ciki tun wajen tashi don buƙatun gaggawa. Lambar -12 na nufin babu wuri. Ka ƙara cma=64M a layin umarnin tashi.

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa:
Na karanta duka tun daga sama. 'Ya'yana kun yi bayani mai kyau, amma ban yarda da inda aka dosa ba.

Na yi shekaru ina kula da na'urorin da ake kafawa a daji a bar su wata shida ba mai zuwa. Abin da na koya shi ne CMA alkawari ne da ba kullum ake cika shi ba. Malam ya ce ba a gini a filin Idi. To akwai mai zuwa da shanya ya ce minti biyar, ya kafa turke. Shafi yana iya zama mai ƙaura a suna, amma a lokacin da kake so a tashe shi wani ya riƙe shi: ana rubuta shi zuwa katin SD, ko wani direba ya ɗaure shi yana DMA a kansa. Shafi ɗaya cikin 1519 ya ƙi tashi, duk gungun ya lalace, sai a gwada gaba. In an zagaye filin ba a dace ba, za ka ga -16, wato wurin na hannun wani, maimakon -12. Ko an dace ma, kwashe dubban shafuka na cin lokaci, kuma ba ka san nawa ba sai ka auna.

Na'urar da aikinta ɗaya ne, kyamara ce dalilin kunna ta, me ya kai ta ba da aron filinta? A yanke mata nata a bishiyar na'urori, fayil ɗin da ke gaya wa kanel abin da ke kan allon, ƙarƙashin reserved-memory, a sa no-map, kanel ya manta da shi. MB 32 cikin 512 ba asara ba ce idan barci kake so ka yi.

'Yar Damagaram:
Baba, ina girmama gogewarka, kuma -16 gaskiya ce, na gan ta. Amma a yi wa CMA adalci, an rage wannan matsalar sosai. Yanzu wanda zai riƙe shafi na dogon lokaci da pin_user_pages yana sa FOLL_LONGTERM, kanel ya fitar da shafin daga yankin CMA kafin a ɗaure shi. Abin da ya rage galibi riƙo ne na ɗan lokaci.

Sannan hanyarka tana da nata haraji. Idan ya yi shared-dma-pool da no-map, mai rabon wannan tafkin yana zagaye kowace buƙata zuwa ninki biyu-biyu. Mazubi mai MB 6 zai ci 8. Ukun 24, in ya so na huɗu 32 ta ƙare tas. Ranar da ya sauya girman hoto kuma sai ya koma ya gyara bishiyar na'urori.

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa:
'Yata, na san da zagayen. Na gwammace asarar da na san adadinta tun ranar farko a kan gazawar da ban san ranar zuwanta ba. Kin ce "galibi". Wannan kalmar ce ba na so a na'urar da ke nesa da ni kilomita ɗari uku.

Mai Saƙa Da'ira:
Ku duka kuna gardama ne a kan yadda za a samo fili babba. Ni tambayata, dole ne sai babba? AXI DMA tana da yanayin warwatsa-da-tattarawa, a Vivado, manhajar tsara FPGA, akwati ɗaya ne za ka latsa. Sai ka rubuta mata jerin takardun umarni, kowace ta ce ga adireshi ga tsawo ga ta gaba. Shafuka 1519 a warwatse, takarda 1519 in abin ya yi muni, kowace bait 64, duka bai kai KB 100 ba. Daddatsewa ta daina damunka har abada, babu CMA, babu yanke RAM. Katin sadarwa da faifan NVMe da ke cikin kwamfutarka haka suke aiki. A V4L2, tsarin bidiyo na Linux, ma an tanadi hanyoyin biyu, videobuf2-dma-contig da videobuf2-dma-sg, don na'urar da ta iya warwatsawa ba ta da dalilin roƙon fili a haɗe.

A ganina neman RAM mai yawa a jere alama ce ta cewa an yi rowa wajen ƙera na'urar, aka turo wa kanel wahalar.

Af, ka duba faɗin rajistar tsawo a AXI DMA ɗinka. Tana zuwa da bit 14, wato bait 16,383 ne iyakar tafiya ɗaya.

Ɗan Gwammaja:
Yaya wannan ta riga ta cije ni a watan jiya, na mai da ita bit 23. Game da warwatsawa, na so hakan, amma hoto 30 a daƙiƙa ke nan takarda sama da 45,000 injin zai ɗauko kowace daƙiƙa, ban da MB 186 na hoton kansa. Kuma saura mini sati biyar in gabatar. Sake ginin FPGA da sake rubuta rabin direba zai yi mini yawa.

Mai Saƙa Da'ira:
Takardun ba su kai MB 3 a daƙiƙa ba, kusa da 186 ba a jin su. Amma maganar sati biyar hujja ce, na karɓa. In ka ci gaba da aikin bayan makaranta ka dawo kanta.

Malamin Lantarki:
Bari in yi wata tambaya da ya kamata in yi tun farko. A ina cikin direban kake neman mazuban? A probe, wato lokacin da direban ya fara kama na'urar, ko a open, duk lokacin da aka buɗe ta?

Ɗan Gwammaja:
A open, Malam. In an rufe in sake su. Na ɗauka hakan ya fi tsabta, kada in riƙe RAM ba dalili.

Malamin Lantarki:
To a nan gardamar Baba da Hajiya take haɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da Baba ya lissafa yana faruwa ne ga wanda ya saki fili ya dawo nema bayan an cika shi. Ka nema sau ɗaya a probe, lokacin da allon ke tashi, yankin CMA kusan wayam, babu wanda za a tasa balle ya ƙi. Ka riƙe har a cire direban. Ka yi amfani da dmam_alloc_coherent don sakin ya zama na kai tsaye. Da haka ka sami tabbacin da Baba ke so, ba tare da zagayen MB 8 ba, sauran MB 46 na yankin kuma kanel na ci gaba da mora.

Tsohon Ma'aikacin Sadarwa:
Wannan na yarda da shi, da sharaɗi: a gina direban cikin kanel ko a loda shi da wuri, kuma kada a riƙa cire shi ana mayarwa a fagen aiki. In za a yi haka, ina nan kan bakata.

'Yar Damagaram:
Sharaɗin ya yi, Baba. A allo mai MB 512 ma ba zan so yankin ya wuce 64 ba, domin duk abin da aka ba CMA an hana shi ga buƙatun kanel marasa motsi. Na taɓa ganin allon da aka ba CMA rabin RAM, kanel ya shiga kashe manhajoji alhali CmaFree na nuna wuri fal.

Ƙanina, abu ɗaya zai tare ka a gaba. Tashoshin HP na Zynq, waɗanda DMA ɗinka ke bi zuwa RAM, ba sa tafiya tare da ma'ajiyar kusa ta firosesa, shi ya sa dma_alloc_coherent ke ba ka RAM da aka kashe wa wannan ma'ajiyar. Injin DMA zai yi gudu, amma idan firosesanka, Cortex-A9, ya zo karanta hoton ɗigo-ɗigo zai yi ta jan ƙafa. In ka ga haka kada ka zargi CMA.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a ga rahoto bayan kwana biyu. Na mai da neman mazubai uku cikin probe, cma=64M. Allon bai mutu ba awa 48, ina kwafar manyan fayiloli zuwa katin SD da gangan don RAM ta cika, na buɗe kyamara na rufe ta fiye da sau 500, ko sau ɗaya ba ta gaza ba.

Don in gani da idona, na mayar da tsohon direban mai nema a open na yi masa gwaji iri ɗaya. Ana cikin kwafar fayil sai ga ret: -16, yadda Baba ya faɗa. Na ajiye hoton dmesg ɗin, zai shiga babi na huɗu na rahotona.

Anti, abin da kika hango ya iso. Mai da hoto ɗaya zuwa toka-toka a firosesa yana cin lokacin da ya fi tazarar hoto biyu, don haka ina zubar da fiye da rabi. Na karanta cewa ko dai in koma tashar ACP, wadda ke tafiya tare da ma'ajiyar kusa, ko in nemi RAM mai ma'ajiya in riƙa kiran dma_sync_single_for_cpu kafin kowane karatu. Wanne ya fi dacewa da hoto mai MB 6, tun da ma'ajiyar L2 ɗin KB 512 ce kawai?

'Yar Damagaram:
Kada ka tura MB 186 a daƙiƙa ta ACP, za ta share duk abin da ke L2 ta bar firosesa da yunwa. Ka tsaya a HP, ka nema da dma_alloc_noncoherent in kanel ɗinka ya kai 5.10, ka yi sync kafin karatu da bayansa. Ka auna lokacin sync ɗin shi kaɗai da ktime_get, ka turo lambar tare da sigar kanel ɗinka. Ka buɗe sabon zare don wannan, zan duba da daddare bayan isha'i.